Soso Mai Yankakken Kunne

Abin da ya jawo maganar bai kai tsawon farce ba. Silin soson ƙarfe ne, ɗan siriri, 'yar autar Yaya ta zaro shi daga bakinta muna tsakiyar cin shinkafa a falon Mama. Ko kuka ba ta yi ba, ta ɗora shi a gefen faranti ta ce, "Kaka, akwai waya a abincinki."

Mama ta miƙa hannu tana lalube har ta taɓa shi. Ta murza shi tsakanin yatsunta. Duk mun san idonta ya yi rauni, likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a lallaɓa sauran. Amma ta san gidanta kamar tafin hannunta, har mukan manta. Ranar ce muka tuna.

Yaya mutum ne mai yanke magana da zafinta. Kafin a kwashe kwanuka ya gama tsara komai: Mama ta bar girki, ƙarshen wata ta koma gidansa, matarsa ta kula da ita. Ban ga laifinsa ba, don ni ma na hango abin da zai faru da a ce silin nan ya kai maƙogwaron yarinyar. Sai dai na san abin da kicin yake nufi a wurin Mama. A nan ta raine mu bayan rasuwar Baba, a nan take yi mana faɗa, a nan take lallashinmu. Idan aka raba ta da shi, zaman jiran rai kawai za ta yi.

Kwana kaɗan da yin haka ta kira ni a waya. "Auta, zo ki raka ni kasuwa."

Na ɗauka jakunkunan haɗa kaya za ta saya, har na taho ina shirya kalaman ba ta haƙuri. Ina? Layin 'yan sari ta ce in kai ta, shagon da ake jibge kayan wanke-wanke tun daga ƙasa har rufi, ko'ina ƙamshin sabulu da warin sabuwar roba. Ta nemi kujera ta zauna, ta ce wa mai shagon ya fito mata da kowane irin soso guda guda.

Ni dai ban taɓa ganin an yi wa soso irin wannan binciken ba. Ta matsa, ta ja, ta karce da farce, ta goga a tafin hannu sannan ta shafa ta ji ko ya zubar da wani abu. Wani ta ce bayansa mai kaushi zai ɓare da ya sha ruwa. Wani ta ce kyan banza ne, ba ƙwari. Mai shagon ya miƙo mata soson ƙarfe, yana yabonsa wai ba tukunyar da ke gagararsa.

"Ajiye shi, ɗan nan," in ji ta. "Ni da shi mun rabu, kuma ba biko."

Da ta zaɓi wanda ya kwanta mata, sai ya kawo shawara ta ɗauki launi-launi, ja na nama, shuɗi na kofuna, don kada su cuɗanya.

"Shawararka ta yi, amma launi na masu ido ne. Ba ni iri ɗaya."

"Dozin za a ƙirga, Mama?"

"Kwali."

Nan na kasa haƙuri. Na sunkuya na ce, "Mama, kwali guda? Ke da za ki tashi ƙarshen wata?"

"Wa ya gaya miki? Ɗauki mu tafi, ki rage surutu."

Na ɗauka. Kwalin ya fi ni faɗi, ba nauyi amma ya hana ni ganin gabana, ita ce ma ta riƙa ce mini in kula da kwata.

Muna isa gida ta ɗauko almakashi, ta sa na buga mata ƙusoshi a jere a saman wurin wanke-wanke, daidai inda hannunta ke kaiwa. Sabon soso, mai kusurwoyinsa cif, na kofuna da faranti ne. Idan ya ɗan kwana biyu sai ta yanke masa kusurwa ɗaya, ta ce ta yanke masa kunne, ya koma kan tukwane. Idan ya rasa kunne na biyu ya sauka zuwa goge ƙasa, daga nan sai shara. Na ɗanyen nama kuwa ta huda shi ta zura masa zare, ƙusarsa can gefe ita kaɗai, kuma shi ba a yi masa canjin aiki, daga wuƙa da katakon yanka sai kwandon shara. Duk wanda ya gama aiki sai ta ɗauraye shi da ruwan zafi, ta matse shi tas, ta rataye ya sha iska. Ba soson da ke kwana a cikin ruwa.

"To ya za ki san lokacin yanke kunnen ya yi?"

"Ido ne ya tafi, hanci yana nan. Kuma ba na jira sai ya yi wari." Ta ajiye almakashin. "Kin san abin da ya cuce ni? Tausayin soso. Guda ɗaya nake saye, in yi ta lallaɓa shi har ya fara zuba, ni ban gani ba. Yanzu da kwali a ɗaki, wa zan tausaya wa?"

Tukunyar da ta kama kuwa jiƙa ta take yi da ruwan zafi da sabulu, ta je ta ji rediyonta, ta dawo ta kankare da cokalin katako. Ta ce gaggawa ce ke sa mutum ɗaukar soson ƙarfe, ita kuwa ba inda za ta. Na tsaya ina kallonta, wallahi ta burge ni, har na ji kunyar kalaman haƙurin da na taho da su.

Ƙarshen wata Yaya ya iso da mota da kwalaye na haɗa kaya. Ya tarar da ita a kicin, ya fara lallashi. Ba ta yi gardama ba.

"Babba, abin da ya faru laifina ne, kuma ya hana ni barci. Zo nan. Rufe idonka."

"Haba Mama."

"Rufe, na ce."

Ƙaton mutum, mai furfura a gemu, ya rufe ido kamar ɗan makaranta. Ta kama hannunsa ta bi da shi ƙusa ƙusa, tana gaya masa aikin kowane soso. Sannan ta sake shi ta ce ya miƙo mata na nama. Ya lalluba, yatsansa ya taɓa zaren, ya ciro. Da ya buɗe ido na ga sun kaɗa sun yi ja.

"To idan idon ya ƙara lalacewa fa?" ya tambaya a hankali.

"Zai ƙara, ban ce ba zai ƙara ba. Ka bar ni da kicin ɗina har kwalin can ya ƙare. Ranar da na ciro na ƙarshe, ka zo da motarka, ba zan ce komai ba."

Ya dubi kwalin a bayan ƙofa, ya dube ta, ya ce ya yarda. Ya mayar da kwalayensa mota babu komai a ciki.

Daga ranar na tsani kwalin nan. Duk zuwan da zan yi sai na leƙa, in ga ya ragu. Har na taɓa ce mata ta riƙa yin tattali, ta kusa cinye ni ɗanya, wai so nake ta koma gidan jiya.

Sai kuma na lura kwalin ya daina raguwa. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, yana nan a rabi. Ranar nan na zo na ga motar Yaya tana fita daga layin, na shiga na sami Mama zaune da almakashi, tana juya wani baƙon soso a hannunta.

"Auta, rufe ƙofar," ta ce ƙasa-ƙasa. "Idan kin samu hali ki nuna wa yayanki shagon nan. Waɗanda yake cusa mini a kwali sun cika laushi, ba sa jure tukunya."

"Kin sani ke nan?"

"Tun na farko. Amma kada ki ce masa na sani."

Ta daidaita almakashin ta yanke wa soson kunne ɗaya, ta rataye shi a ƙusar tukwane.