Allin Baba Wenzu

"Ɗaga katin sama kaɗan, Baba Wenzu. Kusa da kuncinka. Kada ka rufe lambar da yatsa."

"Karo na nawa ke nan?"

"Na huɗu."

"Ranar aurena sau ɗaya aka ɗauke ni hoto, ga shi can jikin bango, har yau babu wanda ya ce a sake."

Romina ta danna wayar. Tsohon yana zaune a kujerar kicin ɗinsa, riƙe da katin shaida a gefen fuska kamar wanda 'yan sanda suka kama. Ya zare robar iskar da likita ya sa masa a hanci, ya ce ba za ta shiga hoto ba. Tana sauke wayar ya mayar da ita da sauri, ya jingina, yana jan numfashi mai ƙara kamar ana jan buhu a kan siminti.

Ita ce silar wannan wahala, ko da yake ba ta roƙe shi ba. Shekara uku tana haya a saman benensa a garin Bormla, shekara uku kuma tana shiga jirgin fito da bas zuwa Sliema, inda take rubuta sharhi kan gidajen cacar intanet. Digirinta na tarihi ne, da sakamako mafi kyau a ajinsu, amma tarihi ba ya biyan haya. Aikinta ta ba kowane gidan caca taurari: garaɓasarsu nawa, wasanninsu nawa, kuma in mutum ya ci, kwana nawa suke yi kafin su biya shi. Mutanen ƙasashen arewa su karanta, su danna, kamfaninsu ya samu kasonsa. A da ana ba ta yuro hamsin ta shiga ta gwada da kanta. Da Joakim ya zama shugaban sashe sai ya ce ɓarnar kuɗi ne, ta riƙa kwafa daga takardar da gidan cacar ya turo.

Wannan ta faɗa wa Baba Wenzu wata yamma a bakin ƙofa, don kawai ta rage abin da ke cinta. An ba ta wani sabon gida mai tambarin jan kifi, takardarsu ta ce suna biya cikin awa ashirin da huɗu, kuma ƙarƙashin wannan maganar sunanta za a sa.

Tsohon ya yi shekara talatin da takwas yana duba walda a tashar gyaran jiragen ruwa. Can ya samo fanshonsa, can ya samo ƙurar da ta cinye masa huhu. Ya dube ta ta saman tabarau.

"Kin buga masa guduma?"

"Wace guduma kuma?"

"Mu in yaro ya ce ya gama walda, ba a tambayarsa. Guduma ake ɗauka a ƙwanƙwasa. In ta yi kuka mai kyau ka ja alli, ka sa hannu. In ba ka ƙwanƙwasa ba ka sa hannu, ranar da jirgi ya sha ruwa sunanka za a nema. Malama, duk karatun nan ba a koya muku wannan ba?"

"Dokar ofis ta hana ni buɗe asusu yanzu."

"Ni ta hana ni?"

Haka ya buɗe asusu da sunansa, ya zuba yuro ashirin daga aljihunsa. Da allon wayar ya cika da walƙiya yana masa albishir da kyautar yuro ɗari, sai ta yi masa bayani: in ya karɓa, sai ya juya kuɗin sau arba'in a caca kafin ya iya cire ko sisi.

"Wato su ba ni akuya, igiyar tana hannunsu," in ji shi. "Ce musu na ƙoshi."

Ya gwada injin caca mai hotunan 'ya'yan itace, ya ce hayaniyarsa ta fi ta bikin coci. Ya zauna gaban wata yarinya mai raba karta ta kyamara, ya yi mata barka da yamma, ba ta amsa ba, ya ce a rage musu tauraro ɗaya. Da kuɗin suka koma goma sha bakwai ya ce ya isa, yanzu a gwada ƙofar fita. Ta danna masa neman cire kuɗi. Ya tashi da ƙyar, ya buɗe tsohon akwatin aikinsa, ya ɗauko guntun alli mai ruwan ɗorawa, ya ja layi ɗaya a jikin katakon ƙofar kicin.

Kowace ranar jira sai ya ƙara layi ɗaya. Yau layukan bakwai ne.

Kullum da safe, ƙarfe bakwai saura kwata, yana ƙwanƙwasa bututun ruwa da gudumarsa sau biyu, alamar shayi ya yi. Ta sauko ta tarar da kofin gilashi da burodi an goga masa tumatir da man zaitun. Su buɗe wayarsa tare. Kullum rubutu ɗaya: ana dubawa. A ƙasansa kuma wani ƙaton maɓalli kore yana lumshewa yana buɗewa: fasa cirewa, ci gaba da wasa.

"Wannan shi ne tarkon," ta ce masa. "Mutum ya gaji da jira ya danna, kafin dare babu ko sisi."

"Ni na yi wata bakwai ina yajin aiki, muna cin taliya babu miya. Ɗan koren nan ne zai gajiyar da ni?"

Rana ta takwas suka karɓi hoton, suka nemi shaidar wurin zama. Baba Wenzu ya ciro takardar kuɗin wuta da ruwa daga bayan agogo. Romina ta ɗauki hotonta, ta tura. Washegari aka dawo da ita: sunan da ke jiki ba na mai asusun ba ne.

Karmena ne sunan. Matarsa. Shekara shida da rasuwarta, kuma duk bayan wata biyu ɗan aike yana jefo ambulan da sunanta ta ramin ƙofa.

Ya daɗe yana kallon takardar.

"Ita ta je ta yi rajistar, lokacin ina wurin aiki," ya ce. "Ban ga dalilin canzawa ba. Ai har yanzu ana rubuto mata wasiƙa."

"Mu bar shi haka, Baba. Don Allah. Yuro goma sha bakwai ne, ni zan ba ka."

"Kin ga na yi kama da mai neman sadaka? Ba kuɗin nake jira ba, 'yar nan. Adadin kwanakin nake jira, wanda za ki rubuta."

"Ko na rubuta ba za su buga ba."

"Wannan tsakaninki da su ne. Nawa in ƙwanƙwasa."

A ofis Joakim ya tsaya a kanta da kofin kofi, idanunsa ja don shi ma ba barci yake samu ba. Mutum ne mai sanyin murya, bai taɓa yi wa kowa tsawa ba.

"Romi, jan kifi fa? Sati guda ke nan."

"Sunana Romina. Ina gwada biyansu."

"Da kuɗin wa?"

"Na maƙwabcina."

Ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba, ya daina. "Ki ji. Sun sayi saman shafinmu na wata uku. Taurari huɗu da rabi, awa ashirin da huɗu, kamar yadda takardarsu ta ce. Ba ke kika yi ƙaryar ba, ke maimaitawa kawai kika yi. Ƙarshen wata ake sabunta kwantiraginki, ina so in sa hannu ba tare da manya sun kira ni ba."

"Na san ranar," ta ce, ta mayar da idonta kan allo.

Rana ta goma sha ɗaya ta dawo daga aiki ta same shi zaune a matakalar ƙofa, cikin kwat ɗin da yake zuwa coci da shi, rigar ciki ta jiƙe sharkaf, leɓɓansa sun yi shuɗi. Ya bar tukunyar iskar a gida don ta yi masa nauyi. Bas biyu ya shiga a zafin watan Yuli zuwa ofishin wuta da ruwa, ya bi layi awa biyu, ya miƙa takardar mutuwar Karmena, aka cire sunanta aka sa nasa.

"Ka haukace ne?" ta ce. "Me ya sa ba ka jira ni ba?"

"Da kin hana ni." Ya miƙa mata wata takarda mai hatimi. "Yaron da ke wurin ya yi mini ta'aziyya. Bayan shekara shida. Na ce masa na gode, ya ɗan makara."

Ta riƙe shi suka shiga. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar kwat ɗin kawai ta ɗauka. Ta sa masa robar iska, ta tura takardar. Amsa ta zo kafin ta gama dafa masa miya: wannan ba a cikin jerin takardun da suke karɓa take ba, sai dai a jira ainihin takardar kuɗin wuta mai sunansa. Ba ta karanta masa ba. Ta ce ana dubawa.

"Ƙarya ba ta yi miki kyau, Malama," ya ce idonsa a rufe. "Miƙo allin."

Daga ranar bai ƙara fita ba. Likita ya zo ya ce asibiti, tsohon ya ce shi ya ga asibiti lokacin Karmena, ya ishe shi. Romina ta kira 'yarsa Doris a Ostareliya, ta ce ta nemi tikiti. Tana zuwa aiki, tana dawowa, tana wanke masa kwanuka, tana rubuta sharhin wasu gidajen da ba ta taɓa shiga ba: wasanni dubu uku, garaɓasa mai tsoka, biya nan take. Yatsunta sun san hanyar ko ba ta duba ba. Layukan da ke jikin ƙofa suka fara karkacewa, kowanne ya fi na jiya gajarta, amma bai yarda ta ja masa ba.

Rana ta goma sha shida, ƙarfe bakwai saura kwata ya yi, bututu bai yi ƙara ba. Ta tsaya da buroshi a baki tana saurare. Ƙararrawar coci ta buga bakwai. Ta sauka babu takalmi.

Yana kujerarsa ta kicin, kansa ya ɗan sunkuya, butar shayi a kan murhu ba a kunna ba. Gudumar tana kan cinyarsa. A jikin ƙofa layin ranar yana nan, ya riga ya ja shi.

Doris ta iso ana gobe jana'iza. Tsofaffin tashar jiragen suka zo su shida, kowa da tarinsa, suka ɗauki akwatin duk da an ce su bar wa matasa. Romina ba ta yi kuka a coci ba. Da ta dawo ta buɗe wayarsa, ta rubuta wa gidan cacar cewa mai asusun ya rasu. Cikin minti ɗaya aka amsa: sun yi baƙin ciki ƙwarai, kuma domin tsaron asusunsa suna buƙatar sabon hotonsa riƙe da katin shaida. A ƙasan saƙon, maɓallin kore yana ta lumshewa.

Ranar Litinin ta rubuta sharhin cikin rabin awa. Garaɓasa: igiyar tana hannunsu. Wasanni: suna da yawa, masu raba karta ba sa amsa gaisuwa. Biya: wanda ya gwada mana ya nemi yuro goma sha bakwai, ya ba da duk abin da aka nema, ya rasu a rana ta goma sha shida yana jira. Tauraro ɗaya.

Joakim ya karanta a tsaye. Ya murza goshinsa.

"Na ji abin da ya faru, ki yi haƙuri. Amma kin san ba zan iya ɗora wannan ba."

"Na sani."

"To me kike so in yi?"

"Ka ɗora naka. Ka sa sunanka a ƙasa. Nawa ba ya hawa kan abin da ban ƙwanƙwasa ba."

"Ban gane ba."

"Ba lallai ka gane ba."

"Romina, saura kwana huɗu wata ya ƙare."

Ta cire katin shiga ofis daga wuyanta, ta naɗe igiyarsa a hankali, ta ajiye kusa da kofinsa. A jirgin fito ta zauna waje cikin rana. Ba ta ji daɗi ba, ba ta ji tsoro ba tukuna.

Ta tarar da Doris ta tara kayan kicin a kwalaye, tana riƙe da soso da bokiti a gaban ƙofar.

"Wannan zanen fa? Baba ya fara rikicewa ne a ƙarshe?"

"Bai rikice ba. Aiki yake yi. Bar shi tukuna, Anti."

Doris ta ɗaga kafaɗa, ta miƙo mata ambulan da aka jefo da safe. Takardar kuɗin wuta da ruwa ce. A samanta, karo na farko, an buga sunan Wenzu.

Romina ta saƙala ta a bayan agogo, inda ta Karmena take. Ta duba wayar: ana dubawa. Guntun allin yana kan taga, ya rage kamar ƙwayar wake. Ta ɗauka, ta ƙidaya layukansa goma sha shida, da nata huɗu da ta ƙara a ƙasansu, sannan ta ja na ashirin da ɗaya, miƙe, daidai tsawon na farko.