Kalmasa ta Biyu

Mai walda ya turo ƙofar shagon tela da kafaɗa, leda a hannu ɗaya, ɗayan riƙe da 'yar autarsa. Tun daga bakin titi yake janta yana cewa ta ɗaga ƙafa, ya baro ƙofar mutane rabi a haɗe a wurin aiki.

"Ga Sarkin Maƙo nan," in ji tela, bai ko ɗauke ƙafa daga kan keke ba. "Bana kuma me za a warware?"

"Kalmasa ta biyu. Jibi ake komawa makaranta."

Ya zaro siket ɗin makaranta daga ledar ya ajiye a kan tebur. Wannan dabarar tasa ce, kuma yana ji da ita. Shi ba ya ɗinka wa yaro kaya daidai jikinsa. Yadi mai kauri yake saya, ya tsaya a kan tela sai an yi wa ƙasan kalmasa uku, ɗaya a kan ɗaya. Duk shekara a sauke guda. Ɗinki ɗaya, shekara huɗu. Haka ya yi wa yayyenta biyu har suka gama firamare, kuma duk wanda ya zauna a bencin shagonsa ya sha jin wannan karatun. Wai yaro tsayi yake yi, aljihu kuwa ba ya tsayi.

Da safen nan ma sai da suka yi da matarsa.

"Baban Auta, siket ɗin nan bai ɗage mata ba fa. Ni ba tela nake so ka kai ta ba. Dubi wuyanta. Abinci ta taɓa ta ture, ruwa kuwa kamar ana zuba wa rairayi. Jiya a bakin famfo ta zauna, wai ta gaji."

"Girma ne," ya ce yana ɗaura agogo. "Yaro in zai miƙe, ramewa yake yi. Babban wanta ba haka ya yi ba? Ku dai mata, yaro ya yi atishawa sai asibiti."

Wata uku ke nan yana ba ta wannan amsar. Ta ninke siket ɗin ta sa a leda, ta miƙa masa.

Tela ya tashi yana miƙa, tef rataye a wuya. "Zo nan, amaryata. Tsaya jikin katako mu ga ko kin kamo ni."

Shi ma telan yana da nasa tsarin. Jikin katakon ƙofarsa duk zane ne na ƙusa, kowane yaro da nasa layin, da alamar gidansu a gefe. Na gidan mai walda hoton guduma ne. Auta ta cire takalmi ta jingina. Tela ya ɗora almakashi a kwance bisa kanta, ya leƙa. Ya gyara mata tsayuwa, ya ɗaga haɓarta, ya sake leƙawa.

"Miƙe sosai, 'yata."

"Na miƙe, Baba Tela."

Mai walda yana duba waya. "Yi sauri mana, malam. Aiki na bari."

"Zo ka gani."

Ya matso. Bakin almakashin yana zaune daram a kan zanen bara. Ko kaurin farce babu a tsakani.

"Ka dai ruɗe. Wannan na wani yaron ne."

"Ga gudumarka nan. Ni na zana da hannuna, kana tsaye kana mini ciniki."

"To katakon ne ya motsa."

Tela bai yi dariya ba, shi da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Ya koma tebur ya juya siket ɗin ciki waje. A ƙugun akwai fil babba a soke, an tattare yadin an matse. Ya cire fil ɗin ya ɗaga wajen haske. Ga hudojin fil nan jere, wuri uku, kowanne ya fi na bayansa shigewa ciki.

"Wa yake sa miki wannan?"

"Mama. In ba a sa ba zamewa yake yi."

Tela ya zagaya ƙugunta da tef, ya riƙe wurin da yatsa, ya kwatanta da siket ɗin. Sai ya rage murya.

"Abokina, ni ɗinki na sani, ban san magani ba. Amma shekara talatin ina auna yara. Wanda zai miƙe yakan rame, gaskiya ne. Sai dai in ya rame, ina ganin abin a jikin katako. Wannan ta ragu a nan, kuma ba ta ƙaru a can ba."

Mai walda ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Bakinsa ya cika da maganganu. Ya so ya ce tela ya tsaya a kan zarensa. Ya so ya ce duk zugar mata ce. Sai ya juya ya kalli yarinyar, kallon da ya daɗe bai yi mata ba, don kullum da sassafe yake fita, in ya dawo kuma gajiya ta cinye shi. Ta zame ta zauna a kan tarin ƙyallaye, ta jingina kai da bango. Rigar jikinta ma dama babba ce, shi ya saye ta haka. Duk kayanta manya ne. Ta yaya zai ga rama a cikin kayan da tun asali ba su taɓa kama jikinta ba? Abin da ya fi ci masa rai shi ne, ko makon jiya sai da ya yi wa abokan aiki alfahari, wai takalmin Auta ya shekara biyu bai matse ta ba.

"Baba, ƙishirwa nake ji."

Tela ya miƙa mata robar ruwansa. Ta kafa kai ba ta sauke ba sai da ta ga ƙarshensa.

Wayar mai walda ta yi ƙara. Mai ƙofa ne, tun kafin a gaisa ya fara faɗa, yau ne fa alkawari.

"Ba yau ba," mai walda ya ce.

"Kamar ya ba yau ba? Sai yaushe?"

"Ban sani ba." Ya kashe.

Ya tsaya da wayar a hannu, sannan ya kira gida. Bugu ɗaya matarsa ta ɗauka, kamar wayar tana tafinta.

"Ɗauko katin asibitinta ki same mu a bakin titi."

Ya jira ta ce ai ta faɗa. Da ta faɗi hakan ma da ya fi masa sauƙi.

"Yana cikin ledar," ta ce. "Ƙarƙashin siket ɗin na sa. Ga ni nan fitowa."

Ya laluba ledar. Katin yana nan, a ninke cikin takarda.

Tela ya ɗaga siket ɗin. "Wannan fa? In rage ƙugun?"

"Kar ka rage komai."

"Kalmasar?"

"Bar ta yadda take. Za mu dawo ka sauke."

Ya durƙusa a gaban yarinyar ya juya mata baya. "Hau."

"Baba, ai na girma."

"Hau na ce."

Ta hau, ta zagaye wuyansa da hannuwa. Shi mutum ne da in ya ɗaga ƙarfe sau ɗaya zai gaya maka nauyinsa, ba ya neman sikeli. Ya yunƙura da ƙarfin da zai ɗaga 'yar shekara tara, sai ya miƙe da sauri har ya yi tangaɗi, ya dafa katakon ƙofa.

"Baba, na yi nauyi ko?"

"Kin yi," ya ce, ya fita titi yana ɗaga wa mota hannu.