Akuya Ɗaya a Shekara Sha Tara

"Tsaya, tsaya! Maimaita min wannan layin," in ji Baba Akawu, yana dariya har tari ya sarƙe shi.

Na sake karantawa: "Na durƙusa a gabanku, ku taimaki bawan Allah mai 'ya'ya biyar."

"Direba, aiki kake nema ko sadaka?"

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin ya yi a ofis yana karanta takardun masu neman aiki. Yanzu ciwo ya kwantar da shi, asibiti sun ce a dawo da shi gida. Ni kuwa wata shida ina zaune, tun da kamfaninmu ya rufe, sai ga wata makaranta tana neman direban bas. Na rubuta takardar neman aikin, na kawo masa ya duba.

'Yarsa ta shigo ta gyara masa matashi. "Baba, likita fa ya ce ka huta."

"Hutun nake, 'yar nan. Wannan ya fi min allura." Ya juyo gare ni. "Shekara nawa kana tuƙi?"

"Sha tara."

"Mutum nawa ka kaɗe?"

"Ko ɗaya. Sai wata akuya, ita ma tashi ta yi ta gudu."

"In mota ta mace a hanya fa?"

"Ni nake gyarawa."

"Shi ne ka ɓoye, ka cika takarda da kuka? Rubuta su duka. Har akuyar."

Na ce, "Haba Baba!"

"Shugabar makarantar nan takarda hamsin za ta karanta, kowa mai gaskiya ne da riƙon amana. Mai akuya kai kaɗai ne."

Kwana uku muna kai. Hannunsa ba ya iya riƙe biro, sai ya nuna layi da farce ya ce, "Soke." Shafi uku suka koma rabin shafi. Ran da na karanta masa ta ƙarshe, ya lumshe ido ya ce, "Da ni ne, da na ɗauke ka."

Ranar Alhamis da hantsi ya sha shayinsa, ya tambayi 'yarsa ko na kai takardar. Ta ce na kai. Ya ce madalla, a buɗe masa taga. Kafin ta juyo, ya cika.

Bayan mako biyu aka kira ni. Ina shiga, shugabar ta ɗago kai tana murmushi. "Kai ne mai akuyar?" Na yi dariya, hawaye na zuba, har ta miƙo min ruwa.

Ranar Litinin na biyo ta layinmu da bas cike da yara, suna ta waƙa kamar za su tsaga rufin. 'Yar Baba tana shanya a ƙofar gida. Na rage gudu na danna ham sau ɗaya. Ta ɗago hannu, jiƙaƙƙen zane a kafaɗarta yana ɗigar ruwa.