Wadda Ba Ta Zo Ba

"Rage masa gudu, 'yata," in ji Baba Gariba. "Ko rabin Fatiha ban kai ba, mutumin ya wuce."

Farhana ta ja kujera kusa da gadon. Shekararta biyu da kama ɗaki a gidan hayar nan na unguwar Alabar, ita ce mai shagon fotokofi na bakin titi. Da ciwo ya kwantar da tsohon, ta kawo masa tsohuwar kwamfutar shago. Ya ba ta gwangwanin biskit cike da hotuna, ta zuba su a ciki, ta saita yadda in an bar na'urar ba a taɓa ba za su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. A ganinta abin ɗebe kewa ne. Shi kuwa ya mai da shi aiki: duk wanda ya fito, in ya riga mu gidan gaskiya, sai ya kira sunansa da na ubansa ya yi masa addu'a. Kaɗan ne ba su sami addu'ar ba.

Ta mai da tsayuwar kowane hoto daga daƙiƙa biyar zuwa minti ɗaya. Fataken goro da direbobin tashar Sofoline suka riƙa wucewa a natse, kowa na karɓar rabonsa.

Kwana uku da haka ya ce, "Akwai wadda ba ta zo ba."

"Wace ce, Baba?"

Ya dubi silin. "Ita."

"Ita wa? Faɗa mini sunanta."

"Ai kin sani."

Ba ta sani ba, ga shi mutane na jiranta a shago. "Na'urar ce ke zaɓa, Baba. Kamar layin shiga motar trotro ne, kowa zai shiga."

Daga ranar ya daina barcin rana, kada ta wuce idonsa a rufe. Kullum in Farhana ta leƙo da koko, bayan gaisuwa maganar ɗaya ce: "Yau ma ba ta zo ba." Ita kuma ta ce a yi haƙuri, ta ɗauka ruɗin tsufa ne.

Ranar Alhamis da hantsi ya cika. Bayan azahar maza suka ɗauke shi zuwa maƙabarta, mata suka zauna a tsakar gida. Farhana ta ba Hajiya Lariba mai sayar da waake, shinkafa da wake, labarin, don ita ta fi kowa daɗewa a gidan.

Hajiya ta riƙe haɓa. "Ku yaran yanzu kraa! Matanshi ne, uwargida. Shekara arba'in suna tare bakinshi bai kira sunan Salamatu ba, sai a gabanki ne zai fara? Hoto guda ne ma. Mai hoto na dannawa ta kau da kai, kunya paa."

Nan take Farhana ta tuna. Ranar da take zuba hotunan ta ware wasu da ba su fito da kyau ba, ta jefa su a aljihun teburin shago. Gyara ta ga ta yi. Sati biyu tsohon yana jiran abin da ke kulle a shagonta, taku ashirin daga gadonsa.

Ta tsallaka titi, ta ciro hoton daga aljihun teburin ta dawo da shi. Ɗakin ba kowa, an naɗe katifa, ƙanshin turare bai gama fita ba. Ta saka hoton a kwamfutar, ta cire sauran duka, ta janye hannunta ta jira.

Allon ya yi duhu, sannan ya haskaka. Wata siririyar mata ce tsaye a bakin ƙofar ɗakin nan, hannu ɗaya riƙe da gefen mayafi, ta juya fuskarta gefe.