Jar Sitikar Batir

"Cire soket! Bamalli, cire soket!"

Hayaƙi na tashi daga ƙarƙashin kujerar babur ɗin, wari kamar an ƙona leda. Bamalli ya fizge waya daga bango. Matan gidan hayar suka kwashi yara suka yi waje.

Tochukwu, maƙwabcin ɗakinsa da ya yi ihun, ya tsuguna yana yi wa batir fifita da kwali. Babur ne mai caji, ta intanet ya saye shi, da shi yake raba burodi daga Kwamba har Chaza.

"Kar ka damu, maƙwabci," ya ce yana tari. "Garanti na nan. Inji shekara ɗaya, batir wata shida, ko rabi ban ci ba. Tun da ya fara zafi na kira kamfanin, yau za su turo mutum. Sharaɗinsu ɗaya, kar kowa ya buɗe akwatin batir. Ka ga jar sitikar nan? Lafiyarta lau."

Bamalli ya gan ta. Ya ma fi kowa saninta.

A Suleja wa ke hawa sabon babur ba a ɗaure masa notuna ba? Lokacin da Tochukwu ya tafi garinsu biki ya bar masa makulli, sai Bamalli ya kai babur ɗin wurin bakanikensa, don dai ya kyauta wa maƙwabci. Bakanike ya gama da notuna, ya yanke sitika ya leƙa ciki, wai ya ga dabarar masu ƙira. Waya ɗaya ta tsinke, ya murɗa ya naɗe da salatif. Sitikar kuwa, Bamalli da hannunsa ya liƙe ta.

Matarsa Hajjo na bakin ƙofa tana kallonsa. Ita ta miƙo masa gam ɗin da ya liƙe sitikar da shi ranar.

"Baban Chisom," Bamalli ya fara, yana duban Tochukwu, "akwai wata magana..."

"Yauwa! Kai ne ma shaidata. Ka gaya musu ba wanda ya taɓa. Kai mai sallah ne, ba za su ƙaryata ka ba."

Aka yi sallama. Wata doguwar mata ce sanye da rigar kamfani. Ko hayaƙin ba ta kalla ba. Ta sunkuya, ta kankari gefen sitikar da farce, ta shinshina yatsa.

"Wannan gam ba namu ba ne. Ban da kai, oga, wa ya taɓa riƙe makullin nan?"

Tochukwu ya waiwayo a hankali, murmushi bai gama barin fuskarsa ba.