Tafin Hannun Mai Gilashi

Shekara ashirin da biyu na yi ina faɗa da gumin hannun mijina. Mutumin nan ko ana ɗari tafin hannunsa a jiƙe yake. Ya dafa madubi ya bar min yatsu biyar, ya riƙe takarda ta yi laushi, ya ari wayata sai na goge ta da bakin zani. Ga shi kuma sana'arsa yankan gilashi, inda kowane tabo yake tona asiri, shi ya sa kullum da tsumma a kafaɗarsa. Famfo nake ce masa. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Maman yara, ki yi haƙuri, ba ni na kunna ba."

Wata Talata da hantsi wani babban gilashin taga ya suɓuce wa ƙaninsa a shago, shi kuma ya kai hannu ya tare. Bakin gilashin ya yanke shi a wuyan hannun dama. Aka yi masa aiki aka ɗinke, ciwon ya warke lafiya lau. Amma babban yatsa da manuni da na tsakiya suka mutu murus, ba ya jin zafi, ba ya jin sanyi. Kuma suka bushe ƙayau, har fatar tana sheƙi.

Wanda bai san aikin ba zai ce ai yatsun suna motsi, to me ya rage? Mai yankan gilashi da kan yatsa yake gani. Da shi yake bin layin da ya ja, da shi yake sanin inda kaifi yake. In ba ya ji, zai yanke kansa har ƙashi bai sani ba. Sai ga maigidana a zaune a falo, hannu a cinya, ba tari ba tsokana. Wallahi ganinsa haka ya fi ranar jinin tayar min da hankali.

Likitar da ke duba shi 'yar ƙaramar mace ce, ba ta da hayaniya, kullum da biro na roba a aljihun rigarta. Ranar farko ta ce ya rufe ido, za ta taɓa manunin da allura.

"Na ji," in ji shi.

"Malam, ban taɓa ba tukuna," ta ce, tana danne dariya.

Kunya ta kama shi. So yake a sallame shi ya koma shago, na san halin kayana. Ita kuwa ba ta yi masa faɗa ba. Ta ciro biron nan ta goga gefensa a ƙaramin yatsansa, biron ya riƙa cijewa. Ta goga a manuni, ya zame sulu kamar a kan tayil.

"Kin gani, Hajiya? Nan akwai gumi, nan babu."

Na ce, "Likita, me ya haɗa gumi da ji kuma?"

Sai ta jawo kujera kusa da ni, kamar ba mutum goma ke jiranta a waje ba. Ta ce a ƙarƙashin fatar tafin hannu akwai 'yan ƙananan jakunkunan gumi dubbai, kuma babu wadda take zubo ruwa don ra'ayin kanta. Kowace da zaren jijiyarta, ba jijiyar jini ba, ta saƙo. Umarni yana tasowa daga ƙwaƙwalwa, ya bi ta gadon baya, ya gangaro hannu, sannan jakar ta saki ruwa. Zarurrukan gumin nan kuwa a ƙunshe suke wuri guda da zarurrukan ji, gilashin ya datse su tare. An haɗa bakin jijiyar, yanzu sai ta sake tsirowa da kanta har ƙarshen yatsa, wajen milimita ɗaya a rana.

"Milimita ɗaya," in ji maigida, ya ɗago kai karon farko. "Kaurin gilashin taga kwana huɗu ke nan."

"Ashe ka fi ni lissafin. Kai za ka iya ce min ka ji alhali ba ka ji ba, amma gumi ba ya bin ra'ayinka. Nan da wata biyar in ban gan shi ya doshi yatsun nan ba, jijiyar ba ta kama ba, sai mun sake buɗewa, kuma ba zan yi maka alkawarin komai ba."

Na fito ina kallon tafin hannuna a mota. Duk shekarun nan ashe saƙo ne ke zirga-zirga a jikin mutum ba dare ba rana, ni kuma ina bin sa da tsumma ina mita. Shi ko ya samu abin yi: kowace Asabar ya ɗauko tef ɗin awonsa, ya auna daga tabon, ya ɗiga alama da biro.

Ranar da wata biyar ta cika muka koma. Likita ta shafa masa aidin a tafin hannu, ta bari ya bushe, ta barbaɗa garin sitaci irin na guga. Ta ce duk inda gumi ya fito, wurin zai yi baƙi. Muka zuba ido. Shiru. Garin nan fari fat, har gefen ƙaramin yatsa mai lafiya. Mutumin ya riga ya sallama tun daga gida, ya zauna kamar dutse.

"Tafin hannu ba zafi ne ya fi sa shi gumi ba, tashin hankali ne," in ji likita. "Malam, cire bakwai-bakwai daga ɗari, da sauri."

Mutumin da ya shekara talatin yana awo? Ya zubo mata su tas, ko numfashi bai sauya ba. Na ga likita ta kalli agogo, ta kalli takardar sake yi masa aiki da ke kan tebur.

Na ce, "Likita, bar ni da shi."

Akwai wani tsohon abin yankan gilashi mai ƙotar katako, wanda maigidansa da ya koya masa aiki ya bar masa. Ko ni ba na taɓa shi. Na gyara zama na ce, "Baban yara, dama ina so in faɗa maka. Abin yankanka na katakon nan na ba ƙaninka aro tun makon jiya. Ya ce ya faɗi, bakin ya karye."

"Kin ba wa?" Ya yunƙura zai tashi, likita ta danne masa hannu a kan tebur.

Gefen ƙaramin yatsa ya yi baƙi nan take. Sai kuma can, a gindin manuni, wurin da ya yi wata biyar a bushe, wani ɗigo ya bayyana kamar kan allura. Sai na biyu. Likita ta ɗauko madubin ƙara girma ta sunkuya tana ƙirgawa a hankali, ta tsaya a goma sha ɗaya.

"Jijiyar ta iso," ta ce. Ta ɗauki takardar aikin ta jefa a durowa.

Ni hawaye, likita murmushi, shi kuwa gogan cewa yake, "Wane bakin ne ya karye? Na ce wane bakin?" Sai da na rantse masa yana nan a naɗe cikin akwatinsa sannan ya yarda ya kalli hannunsa. Ya daɗe yana kallo.

Bayan wata uku, ina share-sharen safe, na zo kan madubin falo da tsummata. Tun bayan raunin, in ya dafa shi zai sa takalmi, tabon yatsu biyu kawai yake bari. Ran nan na ƙirga biyar. Na sake ƙirgawa.

Ya fito da tsummarsa a kafaɗa zai tafi shago, ya gan ni tsaye. "Maman yara, kin tsallake nan."

"Na gani, Famfo," na ce. "Bar shi."