Tayar Dogo

Ranar da Auta ta zo da maganar, Mai-wanki tana durƙushe gaban baho tana matse zanen gadon mutane, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Bikin me? Auren da ya shekara arba'in shi za a yi wa biki? Wa ya ci gasar, ni ko ubanki?"

"Haba Mama, yanzu haka ake yi. Ni da mijina mun gama shirya komai. Mota ce mai ƙarfi za ta shiga da ku hamada, ku hau tudun yashi, ku ci abinci a tanti, a ɗauke ku hoto."

"Ubanki ya ƙare ƙuruciyarsa yana cin yashi, bai ƙoshi ba? Ni kuwa kin tambayi gwiwoyina?"

Auta ta ci gaba da lallashi, har a cikin zance ta ce ai tsohuwar hanyar manyan motoci za a bi, wadda aka daina bi tun da aka shimfiɗa kwalta. Hannun Mai-wanki ya tsaya cak cikin kumfa. Ta juya ta kalli mijinta, tsohon Direba, yana zaune bakin ƙofa da rediyo a cinya. Shi ma ya ji. Ya rage muryar rediyon, ya sunkuyar da kai.

"Za mu je," in ji ta.

A kan wannan hanyar Dogo ya mutu, ɗanta na fari. Ya zama saurayi, yana bin ubansa yana koyon tuƙi. Tayar gaba ta fashe da su a tsakiyar hamada, motar ta karye, zazzaɓi ya kama yaron, kafin wata mota ta biyo Allah ya karɓi abinsa. Uban ya dawo gida shi kaɗai. Masu gaisuwa suka cika ɗaki, kowa da haƙurinsa a baki, kamar abin da ake rabawa kyauta. Ita ba haƙuri ta nema ba. Tambaya ɗaya ta yi: ina kuka sa mini shi?

Direba ya ce kusa da wani baƙin dutse mai tsaga a tsakiya. Ya ce ya ciro tayar da ta fashe, ya kafa ta a kan kabarin, rabi a ƙasa rabi a sama, kamar yadda direbobin hanyar suke yi. Duk wanda ya hango taya a tsaye ya san mutum ne a kwance, sai ya kauce.

Ta ce ya kai ta. Ya ce hanyar ba ta mata ba ce. Ta sake cewa ya kai ta, ya ce mai motar ba zai yarda ba. Daga baya ya bar tuƙi, idonsa ya yi rauni, hanyar ma ta mutu. Shekara da shekaru tana wanki tana guga, tana tarbiyyar sauran yaran, tayar nan tana tsaye a cikin kanta. Ba ta taɓa ganinta ba, amma da ita take kwana.

Ranar tafiyar, wata farar jif ta zo ƙofar gida. Mai tuƙa ta shi ne jagoran tafiyar, mutum mai fara'a da baƙin tabarau, bakinsa ba ya hutawa.

"Amarya da ango! Sannunku da arba'in. Mama, ɗaura bel, yau sai kin koma 'yar shekara ashirin."

"Allah ya kiyaye. Me na samu a ashirin ɗin?"

Da kwalta ta ƙare, Jagora ya sauka ya rage wa tayoyi iska. Direba ya leƙa ta taga yana gyaɗa kai, shi ne karo na farko da ta ga alamar rai a fuskarsa tun safe. Daga nan aka shiga yashi. Motar ta riƙa hawa tana zamewa, ta miƙe kamar za ta kife ta baya, sannan ta sulalo. Auta tana gaba tana ihu tana ɗaukar hoto da waya. Mai-wanki ta riƙe ƙarfen saman ƙofa, idonta a waje. Ba tudu take kallo ba.

Can bayan rana ta take, Direba ya dafa kafaɗar Jagora.

"Ɗana, tsaya. Ga shi can."

Dutsen ne, baƙi ƙirin, a tsage kamar an sare shi da gatari. Gabansa fili ne shimfiɗaɗɗe har iyakar gani. Sawun tayoyi ya cika shi, zagaye kan zagaye.

"Baba ka san wurin ke nan," in ji Jagora. "Nan muke juyi da baƙi. Ku riƙe sosai in nuna muku."

"Kashe motar," in ji Mai-wanki.

Suka sauka. Auta ta daina dariya, sai yanzu ta gane abin da ya sa uwarta ta yarda da tafiyar. Direba ya nufi yamma da dutsen yana ɗingishi, ya tsaya, ya kare ido da hannu. Ya koma hagu. Ya dawo. Ya zagaya bayan dutsen ya fito ta ɗaya gefen, gumi yana bin wuyansa. Mai-wanki ta bi shi da ido har ta gaji.

"Malam, ina tayar?"

"A nan take. Wallahi a nan take."

"A ina? Ni makauniya ce?"

"Ko yashi ne ya rufe ta."

"A filin da ya bushe kamar faranti? Yashin ya bar duwatsun can ƙanana, sai tayar babbar mota ya haɗiye?" Ta matso gabansa. "Faɗa mini gaskiya. Ba ka sa masa komai ba, ko? Ka turbuɗe mini ɗa kamar mushe, ka zo ka rufe mini baki da taya. Shi ya sa ka ƙi kawo ni."

"Mama, don Allah," in ji Auta.

"Yi mini shiru. Ba a haife ki ba lokacin."

Direba bai kare kansa ba. Ya tsaya cikin rana, hannuwansa a sake. Da ma faɗa ya yi mata, da ta fi samun sauƙi.

Jagora ya cire tabarau. Ya goge shi da riga, ya mayar, ya sake cirewa.

"Baba, tsohuwar taya kuke nema? Wadda aka kafa a tsaye?"

Suka juyo gaba ɗaya.

"Ai da muka buɗe wurin nan, duk mun kwashe su. Baƙi ba sa son shara a hoto. Kuma mota tana iya cin karo da su in ana juyi. Mun tara da yawa a kan hanyar nan." Ya nuna can gaba da hannu. "Suna zango."

"Da yawa," in ji Mai-wanki a hankali. "Ba wanda ya tambayi kansa wane mahaukaci ne zai tsaya a tsakiyar hamada yana shuka tayoyi?"

Suka koma mota, ya kai su zangon. Tantuna ne farare a bayan wani tudu, an jera tayoyi an shata hanya da su, duk an shafe su da farin fenti. Waɗansu an kwantar an ɗora musu matashi, sun zama kujeru. Ma'aikata biyu suka fito suna tafi, suna rera barka da arba'in, sai suka ga fuskokin baƙin, tafin ya mutu a hannunsu.

Direba ya bi layin tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, don idon ba ya taimakonsa. Ya gama da na bakin hanya, ya bi kujerun. Daga ƙarshe ya shiga babban tanti. A tsakiya an shimfiɗa farin ƙyalle a kan wani tebur mai zagaye, an ɗora kek da furannin roba. Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗaga gefen ƙyallen, ya zura hannu. Ya daɗe a haka.

"Uwar Auta, zo ki taɓa."

Ta durƙusa kusa da shi. Ya kama yatsunta ya ɗora su a kan wani faci da aka ɗaure da notuna a gefen tayar, fenti ya cike ramukansu.

"Shi ya yi facin nan da hannunsa, kafin mu tashi. Na ce ba zai riƙe ba, ya ce zai riƙe. Facin ya riƙe. Ta ɗaya gefen ta fashe."

Mai-wanki ta miƙe. Ta ɗauki kek ɗin ta miƙa wa Auta, ta yaye ƙyallen, ta ture katakon da ke kai. Ba ta ce wa mijinta ya yafe mata ba. Ta dai bar hannunta a kafaɗarsa har ya samu ya tashi.

Manajan zangon ya iso da sauri, wani mai tumbi da waya biyu a hannu. Ya ce wallahi ba su sani ba, ya ce abin ya taɓa shi ƙwarai, ya ce tafiyar yau kamfani ya ɗauke musu, kuma duk shekara suna iya dawowa kyauta.

"In dawo in ci kek a kan ɗana?" Ta nuna layin tayoyin da hannu. "Waɗancan fa? Kowacce da uwarta. Kun zauna a kansu kuna shan lemo. Ni ban yi makaranta ba, ban san ofishin da ake kai ƙarar irin wannan ba, amma zan tambaya, kuma ƙafata ba ta gajiya da zuwa. Yanzu dai abu ɗaya nake so. Wanda ya cire ta ya mayar da ita inda ya cire ta."

Manaja ya kalli Jagora. Jagora ya kalli ƙasa.

Aka ɗaure tayar a saman jif, aka jefa shebur a baya, suka koma. Rana ta karkata, inuwar dutsen ta miƙe a kan filin. Jagora zai shiga da motar, Mai-wanki ta buga bayan kujerarsa.

"Kada ka kuskura. Ka taka shi ya isa."

Ya tsaya a gindin dutsen. Aka sauke tayar, ta faɗi da nauyi. Jagora ya tayar da ita zai gara, ta ce ya tsaya tukuna.

"Nuna mini wurin."

Ya shiga filin, ya yi 'yan taku, ya duba dutsen, ya duba tudun da ke nesa. Ya nuna da hannu, hannun yana yawo daga wannan gefe zuwa wancan.

"Mama, a tsakanin nan ne dai. An daɗe. Ranar mun cire da yawa, ban riƙe ba."

"Tsakanin nan. Kasuwa guda za ta ci a tsakanin nan."

Ta kama tayar da kanta. Direba ya kama ɗaya gefen. Auta ta matso za ta taimaka, uwar ta ce ta bari. Su biyun suka riƙa garawa, tayar tana nutsewa tana karkacewa, farin fentin yana ɓarewa a tafin hannunsu. Ya tsaya ya huta, ta jira shi. Ta tsaya ta huta, ya tare tayar da gwiwa. Da suka yi nisa da dutsen, ya ja numfashi ya buga ƙasa da ƙafa.

"Nan ne."

Ta kalle shi sosai.

"Malam, ɗazu na yi maka ƙazafi, ka yi shiru. Kada ka biya ni da ƙarya don raina ya yi sanyi. Nan ne?"

Ya kalli hagu, ya kalli dama, ko'ina ƙasa iri ɗaya, sawun mota a kan sawun mota.

"Ban sani ba," in ji shi. "Tayar na riƙe. Ita na bar wa aikin."

Ya zauna a ƙasa, tsoho da shi, ya rufe fuska da hannayen da suka yi fari da fenti. Tun da ya kawo mata labarin mutuwar ba ta taɓa ganin hawayensa ba. Ta tsaya a kansa tana riƙe da tayar, ba ta da hannun da za ta taɓa shi da shi.

Ta duba inda sawun motocin ya fi zurfi, inda duk zagayen suke haɗuwa.

"Kai, kawo shebur. Haƙa can."

"Mama, nan ne tsakiyar wurin juyinmu."

"Na gani. Haƙa."

Ya haƙa. Suka kafa tayar, rabi a ƙasa rabi a sama, ta sa ya danne gindin da duwatsu. Ta san sarai ba nan ɗanta yake ba. Ta kuma san ranar da wasu baƙi za su zo da ihunsu, manajan nan mai waya biyu yana iya aiko a sake tumɓuke ta. Ta ɗora hannu a kan facin, ta buɗe baki za ta kira yaron, sai ta rasa gefen da za ta fuskanta.

Ta juya ga Auta, wadda ke tsaye tana kuka da waya a hannu.

"Ai hoto kika kawo mu. Ɗauki wannan, da dutsen a ciki, da fuskar wannan bawan Allah da sheburinsa. In sun cire ta ina da abin nunawa."

Auta ta ɗauka. Mai-wanki ta ɗago mijinta, suka nufi mota. Tana tafe tana kallon ƙasa, tana ajiye ƙafa a hankali, tana jan shi gefe duk inda ta ga ƙasar ta ɗan tasa.